RUWA BA YA TSAMI BANZA: HATTARA DA RUWAN BATIR

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a babban ɗakin taro na makaranta)

 



Ranar da Sakataren ƙungiya ya kira ni ya ce an ba ni minti ashirin in yi magana a kan duk abin da na ga dama, na ce masa a kan ruwan batir zan yi. Ya yi shiru, sannan ya fashe da dariya, ya ce, "Kai dai har yau ba ka bar halinka na ɗakin gwaje-gwaje ba. Jama'a na kuka da tsadar rayuwa, kai kuma ruwan batir?" Na ce masa ya yi haƙuri ya saurara, in na gama bai gamsu ba, ni zan biya kuɗin shinkafar taron baɗi. To, ga shi nan zaune, ku ne shaidu.

DALILIN WANNAN JAWABI

A watan Afrilu na shekarar 2022, ana cikin azumi, ana kuma cikin irin zafin nan namu da ba sai na kwatanta muku ba, wani abu ya faru a gidanmu a Jega. Ƙanena yana sana'ar kabu-kabu tsakanin Jega da Aliero. Batirin mashin ɗinsa ya mutu, ya sayi sabo, bakanike ya cika masa shi, ragowar ruwan kuma ya juye masa a cikin robar lemo, wai ko nan gaba zai buƙaci ƙari. Ya zo da robar gida ya ajiye a bayan ƙofar zaure.

Kwana biyu kafin abin ya faru, na shigo gaida Inna, na ga robar nan. Na tambaya, aka ce mini ruwan batir ne. Ni da na yi shekara huɗu a jami'a ina karatun kimiyyar haɗa sinadarai, na ɗauka tataccen ruwan nan ne da ake ƙara wa batir, wanda ba ya cutar da kowa. Ban ɗaga robar ba, ban buɗe ba, na wuce abina.

Ranar da tsautsayin ya zo, manya duk sun kwanta bayan azahar saboda wahalar azumi. Ɗan ƙanena mai shekara uku ya ji ƙishi, ya ga robar lemo da ruwa garai-garai a ciki, ya kafa kai. Kurɓa ɗaya ya yi. Ihunsa ya tashi gidan. Inna, don tausayi, ta ɗura masa manja, ta sa masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai. Daga baya likita ya gaya mana cewa aman nan shi ya ƙara ɓata lamarin, domin abin ya ƙona hanya yana shiga, ya kuma sake ƙona ta yana fitowa.

Allah Ya yi da sauran kwanansa, yaro ya rayu. Amma hanyar abincinsa ta tsuke. Ya yi kusan shekara ba ya iya haɗiye komai sai kunu da koko, ana ta kai shi babban asibiti ana buɗa masa maƙogwaro. Mashin ɗin da aka saya wa batirin, shi aka sayar aka biya kuɗin magani. Har yau in na ga yaron nan yana tauna tuwo a hankali kamar tsoho, sai in tuna da robar da na gani na wuce.

SUNA ƊAYA, ABU BIYU

'Yan'uwa, abin da ya yaudare ni shi ne suna. A bakinmu, "ruwan batir" suna ne na abubuwa biyu waɗanda ido ba ya iya bambanta su.

Na farko shi ne tataccen ruwa, wato ruwan da aka tafasa aka tara tururinsa ya koma ruwa, ba gishiri, ba ƙarfe, ba komai a cikinsa. Wannan ko ya zuba a jiki ba abin da zai yi.

Na biyu shi ne asid, irin wanda ake yi daga farar wuta, wanda malaman kimiyya ke kira salfiyurik. Wanda ke cikin batir gauraye yake: kusan kashi ɗaya cikin uku asid, sauran kuwa ruwa. Duk da an tsarma shi, yana cin fata, yana makantar da ido, yana huda tufafi. Akwai kuma gangariyarsa, mai ƙarfin kashi 98 cikin 100, wanda wasu masu cajin batir ke sayowa a jarka su haɗa da kansu. Shi wannan yana da ɗan kauri kamar mai, kuma lita ɗaya tasa ta kai nauyin kilo 1.84, wato ya kusa ninka nauyin ruwa.

Wani dattijo mai cajin batir a tashar mota ya taɓa ce mini, "Ɗiyana, wanga ba ruwa ba na, wuta ta." Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan a aji ba.

YADDA BATIR KE AIKI

Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro irin wannan batir a shekarar 1859, kuma har yau tushen aikinsa bai sauya ba. In kun duba batirin mota mai bolt 12 irin wanda ake buɗewa, za ku ga marafe shida, domin ɗakuna shida ne a ciki, kowane yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya. A kowane ɗaki akwai farantan dalma a tsome cikin ruwan asid. In batir yana ba da wuta, asid ɗin na shiga jikin farantan, ruwan ya yi sanyin ƙarfi. In aka yi masa caji, asid ɗin ya fito ya koma cikin ruwa. Shi ya sa gwanayen masu caji ke zuƙo ruwan da ma'aunin nan na gilashi mai roba a kai, haidiromita. In ya nuna wajen 1.26 zuwa 1.28, batir ya cika. In ya sauka wajen 1.12, ya sauke duk abin da ke cikinsa.

A da, wannan magana ta direbobi ce da kanikawa. Yanzu kuwa batir ya shigo har ƙuryar ɗakunanmu. Aikina na gwamnati yana kai ni zagaye, kuma daga Jega zuwa Maiyama, daga Maiyama in dawo in nufi Aliero, da wuya in shiga gari ban ga faifan sola a kan rufi ba. Masu shagon cajin waya, masu sayar da ruwan sanyi, masallatai, ɗakunan shan magani, da gidajen ma'aikata masu inbata, duk batura ne ke riƙe da su. Dogon batirin nan na inbata ya fi buhun siminti nauyi, kuma ruwan asid ɗin da ke cikinsa ya haura lita goma. Wannan abu ne muke ajiyewa kusa da tabarmar da yaranmu ke wasa.

RUWA AKE ƘARAWA, BA ASID BA

Ga wata ƙa'ida da nake roƙon kowa ya tafi da ita gida. Sau ɗaya tak ake zuba wa batir asid a rayuwarsa, wato ranar da aka sayo shi a bushe aka cika shi. Daga ranar nan, tataccen ruwa kaɗai yake bukata.

Dalili kuwa shi ne, in ana caji, ruwan ne ke rabuwa ya zama iska ya fice, ga kuma zafin rana da ke ƙara ƙafar da shi. Asid ɗin yana nan bai je ko'ina ba. Kamar miya ce da ta ƙafe a kan wuta: uwargida ruwa take ƙarawa, ba gishiri ba. Wanda ya ƙara asid, zai ga batir ya ɗan farfaɗo na 'yan kwanaki, ya yi ta murna, alhali farantan na can suna cinyewa. Bayan ɗan lokaci sai batir ya mutu murus, a ɗora laifi a kan kamfani.

Daɗin daɗawa, ba kowane ruwa ake zubawa ba. Ruwan rijiya, na famfo, na gulbi, har da ruwan leda da muke sha, duk akwai gishiri da ƙarfe a cikinsu masu kashe batir a hankali. A zuba tataccen ruwa har ya rufe farantan, ya tsaya tsakanin zanen sama da na ƙasa da ke jikin batir. An fi so a cika bayan an gama caji, domin ruwan yakan taso in ya ɗauki zafi, in an cika maƙil sai ya yi ambaliya. Batirin da aka rubuta cewa rufaffe ne, da irin na litiyam da ke shigowa yanzu, waɗannan ba a buɗe su sam, ba a kuma zuba musu komai.

RANAR CIKA SABON BATIR

In ya zama dole mutum ya taɓa asid, to ga yadda ya kamata:

Na ɗaya, a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, a kori yara da dabbobi daga wurin.

Na biyu, a ajiye bokiti cike da ruwa mai tsabta a kusa kafin a buɗe komai. Ba a neman rijiya bayan gobara ta tashi.

Na uku, a sa tabarau na kariya wanda ke rufe gefen ido, da safar hannu ta roba, da takalmi rufaffe. A cire zobe da agogon ƙarfe. A kuma sa tsofaffin kaya. Wani abokinmu da ke zaune a nan, ba zan faɗi sunansa ba, ya taɓa rungumar batir da shaddarsa ta Juma'a. Bai ga komai ba a ranar. Sai da aka wanke, ta fito kamar rariya.

Na huɗu, a yi amfani da mazurari na roba, a zuba a hankali. Kada a zuba asid a kwanon ƙarfe ko na sanholo, domin yana cin su. Kada kuma a zuƙe shi da tiyo a baki kamar yadda wasu ke yi wa fetur.

Na biyar, bayan an cika, a bar batir ya huta kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, farantan su sha, kumfar ta kwanta, sannan a duba ko ya ragu, a yi masa caji.

Na shida, ga masu haɗa gangariyar asid da ruwa. Malaminmu na kimiyya, wanda nake hangowa a sahun gaba, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya sha gaya mana cewa asid baƙo ne, ruwa kuma mai masauki, kuma baƙo ne ke zuwa gidan mai masauki. Wato ruwa ake fara zubawa a mazubi, sannan a tsiyaya asid a cikinsa kaɗan-kaɗan ana juyawa. In aka yi akasin haka, ɗan ruwan da ya faɗa kan asid zai tafasa nan take ya fantsamo a fuska. Malam, mun haddace don jarrabawa a lokacin, sai yanzu muka gane don idanunmu kake faɗa.

Na bakwai, kuma shi ne ya fi ci mini rai: ragowar asid ba ya zuwa gida. A bar shi wurin mai sana'a. In kuwa dole a ajiye, to a cikin mazubinsa na asali, a rufe gam, a shafa masa jan fenti, a rubuta GUBA da boko da ajami, a sa a wurin da ke da kwaɗo. Robar lemo da gorar ruwa, a idon yaro, abin sha ne.

Ina kuma kira ga masu sayarwa da su san wanda suke miƙa wa. Dukanmu mun sha jin labarin waɗanda shaiɗan ya zuga suka watsa wa wani ko wata ruwan batir. Wanda ya zo sayen asid ba tare da batir ba, a tambaye shi me zai yi da shi.

ISKAR DA BA A GANI

Haɗari na biyu ba a cikin ruwan yake ba. Iskar da ke fita in ana caji, akwai haidirojin a cikinta. Ba ta da launi, ba ta da wari, ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi, don haka takan taru a ƙarƙashin rufi. Da ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, ɗan tartsatsi ya isa ya tayar da ita. Na taɓa ganin wani direba a hanyar Maiyama da ya ƙyasta ashana da dare don ya leƙa ko ruwan batirinsa ya ƙafe. Murfin batirin ya tarwatse, ruwan ya wanke masa fuska. Allah Ya taimake shi akwai jarkar ruwa a motar.

Saboda haka, ba taba, ba ashana, ba fitilar kwai kusa da batir. Ɗakin da aka sa batiran sola ya kasance da taga ko ƙofar iska ta sama, kuma kada ya zama ɗakin kwana. Kada a ɗora sifana a kan batir, domin in ta haɗa kawunan biyu, za ta yi tartsatsi. Wajen cirewa, a fara kwance kan da ke da alamar ragewa, wato baƙar waya. Wajen mayarwa kuma, ita ce ta ƙarshe. In za a kashe caji, a fara kashe na'urar daga bango kafin a cire maƙalan.

IDAN TSAUTSAYI YA AUKU

In ya zuba a fata, a cire rigar da ta jiƙe nan take, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 20. Buta ɗaya ba ta isa ba, a yi ta cikowa.

In ya shiga ido, a karkata kai ta yadda idon da ya samu matsala zai kasance ƙasa, don kada ya gangara cikin mai lafiyar. A buɗe fatar idon da yatsu ko da mutum yana ihu, a yi ta zuba ruwa na minti 20 ko fiye, sannan a garzaya asibiti. Mintocin farkon nan su ne ke raba mai gani da makaho.

In an sha, kada a sa mutum amai. Kada a ɗura masa manja, ko nono, ko ruwan kanwa. A kurkure masa baki kawai, a ɗauki mazubin abin da ya sha, a nufi asibiti, ko da ya ce ya ji sauƙi, domin ɓarnar tana ciki.

Kada a shafa man shanu, ko man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko baƙin mai a kan ƙunar. Mu mutanen wannan yanki muna alfahari da masu ɗorin Aliero, waɗanda ake zuwa wurinsu daga nesa, amma ƙunar asid ba ta gida ba ce, ta likita ce.

In a ƙasa ya zube, a tare shi da yashi, a barbaɗa dakakkiyar kanwa ko tokar murhu har kumfar ta daina tashi, sannan a kwashe. Iyayenmu mata sun san wannan ilimi tun kafin mu, domin da kanwa suke kashe tsamin yakuwa. Amma kanwar ta ƙasa ce, kada a kai ta jiki ko ido.

MATACCEN BATIR

Batir ko ya mutu, gubarsa ba ta mutu ba. Na sha ganin masu sayen gwangwan suna fasa shi da gatari, su tsiyaye ruwan a kwata, su ƙwaƙule dalmar. Wannan ruwa yana ɗauke da dalma, kuma ƙasarmu ce ke shanye shi, kusa da rijiyoyinmu da fadamun da ake noman albasa.

Ba mu manta da abin da ya faru a maƙwabciyarmu Jihar Zamfara a shekarar 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma dalmar dai ita ce wannan da ke cikin batir. A ƙasar Sanagal kuwa, a unguwar Thiaroye da ke gefen birnin Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008, kuma daga fasa tsofaffin batura abin ya samo asali. Dalma ba ta ƙona fata balle a yi ihu. A hankali take taruwa a jikin yaro ta dakushe masa ƙwaƙwalwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Don haka a mayar da mataccen batir ga dillali yadda yake, a tsaye, da marafensa a rufe, a karɓi ragi a kan sabo. Kada a fasa shi a gida, kada ya zama kujerar yara, kada kuma a yi wa kaji mazubin ruwa da kwankonsa.

KAMMALAWA

Shugaban taro, ina da roƙo uku ga wannan ƙungiya.

Na farko, kowannenmu in ya koma gida yau, ya zagaya zaure da bayan ɗaki da but ɗin mota. Duk robar da ya gani bai san abin da ke ciki ba, ya tambaya, kuma kada ya tsaya a amsar farko kamar yadda na tsaya.

Na biyu, daga cikin kuɗin da muke tarawa, mu ware kaɗan mu sayi tabarau da safar hannu mu raba wa masu cajin batir da yaran shagonsu a tashoshin Jega da Aliero da Maiyama. Yawancin yaran nan ba su kai ƙannenmu da ke aji uku ba. Ina kuma roƙon Shugaban Makaranta ya ba mu dama mu riƙa zuwa muna yi wa ɗalibai wannan bayani ko sau ɗaya a shekara.

Na uku, mu raba sunan nan gida biyu. In asid ne, mu ce asid. In tataccen ruwa ne, mu ce tataccen ruwa. Da a ranar nan an ce mini asid ne a bayan ƙofa, da ban wuce ba.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Ɗan ƙanena ya shiga firamare, yana kuma cewa likita zai zama. Ina roƙonku ku sa shi a addu'a. Malam Sakatare kuma, ina jiran hukuncinka a kan maganar shinkafa.

Allah Ya jiƙan malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya kare mu da iyalanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.